Ajiyar zaren fatsa da yadda ake gane lokacin canja shi ya yi

Idan babban kifi ya tsinke zare ya tafi da ƙugiya a baki, yawanci akan ce kifin ne ya fi ƙarfin zaren. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Zaren da aka rubuta zai ɗauki kilo 10 yakan tsinke a kan tarwaɗar da ba ta kai kilo 3 ba, domin tun kafin a jefa shi ruwa rana ta riga ta ci rabin ƙarfinsa, gogar dutse ta ci wani kaso, ƙulli mara kyau ya ƙarasa sauran. Zare ba ya tsufa da lissafin watanni kaɗai. Akwai wanda zai shekara uku a ajiye ya fito garau, akwai wanda wata biyu a kan rufin kwano sun isa su gama da shi. Saboda haka abin dubawa shi ne inda zaren ya kwana da abin da ya goga, sannan a gwada shi da hannu.

Zaren da ake kamun kifi da shi iri-iri ne, kuma kowanne da abin da ke kashe shi. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne nailan mai sili ɗaya, farin nan mai kama da gilashi da wasu ke kira zaren roba. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, daga baya ya maye gurbin zaren auduga da na rama a wajen masunta kusan ko'ina. Akwai kuma nailan murɗaɗɗe, mai silla da yawa, wanda ake ɗinkin raga da shi, ake kuma yin uwar igiyar mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Shi ne ake gani an rubuta 210D/9 ko 210D/24 a jikin kwarkwaronsa. Ma'anar 210D ita ce mita 9,000 na sili guda nauyinsu giram 210 ne, lambar da ke bayan kuwa yawan sillan da aka murɗe ne, don haka iya girmanta iya kaurin zaren. Na uku fulorokabon ne, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren kifi a 1971. A ido ya yi kama da nailan, amma ya fi shi nauyi da tauri da tsada. Na huɗu shi ne saƙaƙƙen zare, wanda ake kitsawa da silla huɗu ko takwas na wata irin roba mai ƙarfin gaske, ana sayar da sillan da sunan Dyneema ko Spectra.

Rana da zafi

Babban abokin gabar nailan hasken rana ne. A cikin hasken akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke kakkarya sarƙar sinadarin da aka yi zaren da shi. Lalacewar daga waje take farawa: santsin zaren ya dushe, launinsa ya koma fari-fari kamar an barbaɗa masa alli, ya yi ƙananan tsagogi da ido ba ya iya gani, daga nan sai ya riƙa karyewa kamar busasshen kara maimakon ya miƙe. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, ko da jiƙawa ko da shafa mai.

A nan ne wata al'ada ta gado take cutar da mutane. A zamanin zaren auduga, dole ne a shanya kayan kamun kifi a rana, domin in aka naɗe su da danshi ruɓewa suke yi. Nailan kuwa ba ya ruɓewa. Danshi ba ya lalata shi, rana ce ke cin sa. Duk da haka, a bakin ruwa da yawa har yau za ka tarar an baje raga da mamari a kan yashi tun hantsi har la'asar, kullum. Wanda ke yin haka da hannunsa yake rage wa kayansa kwana. Shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, ita ce daidai, kuma ko ita ɗin don ƙugiyoyi ake yi kada su yi tsatsa, da kuma kada zaren ya yi wari da gansakuka.

Wannan magana ta shafi saye ma. Kwarkwaron da ya yi watanni a rataye a gaban rumfa rana na dukansa, sunansa sabo amma ya riga ya fara mutuwa. A nemi wanda ke cikin kwali ko a can cikin shago. In babu sai na waje, a warware zagayen da ke sama, kamar mita 10, a zubar, sannan a gwada na ƙarƙashinsu.

Zafi shi ne na biyu. Nailan ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 200, amma tun kafin a kai nan zafin yau da kullum yana hanzarta tsufansa, yana kuma sa ya riƙe lanƙwasar kwarkwaro. Motar da aka rufe a rana, gabanta wajen gilashi zafi yakan wuce digiri 60 a watannin bazara. Ƙarƙashin rufin kwano, inda ake yawan soke kaya a jikin azara, shi ma tanda ce. Haka kusa da murhu ko wajen bandar kifi. Saƙaƙƙen zare ya ma fi nailan tsoron zafi, don shi wajen digiri 145 zuwa 150 yake narkewa, tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya raba shi biyu.

Ruwa da nailan

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne nailan yana shan ruwa. In ya jiƙu sosai yakan ɗauki ruwan da ya kusa kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Ruwan nan yana rage masa ƙarfi da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, amma yana ƙara masa laushi da miƙewa, ƙulli kuma ya fi zama a jikinsa. In ya bushe ƙarfin yana dawowa. Wato zaren da ke cikin ruwa bai kai ƙarfin da yake da shi a bushe ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce, halinsa ke nan.

Juyin wannan shi ake gani da hunturu. Iskar ɗari tana tsotse ɗan danshin da ke cikin zaren, sai ya yi tauri, ya fito daga kwarkwaro a nannaɗe kamar waya, in an ɗaure shi ya karye a ƙulli. Mutane da yawa sukan zubar da zare mai kyau a wannan lokaci suna zaton ya mutu. Kafin a yanke masa hukunci, a tsoma kwarkwaron gaba ɗaya cikin ruwa mai ɗan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, na awa ɗaya ko biyu, ko a bar shi ya kwana a ruwan sanyi. In bushewa ce kawai, zai fito da laushi, lanƙwasar ta ragu ƙwarai. In kuwa ya fito yana nan da kaushinsa da farinsa, rana ce ta ci shi, ba sauran magani.

Fulorokabon ba ruwansa da wannan duka. Kusan ba ya shan ruwa, rana ma ba ta cika yi masa illa ba, shi ya sa yake daɗewa a ajiye. Nasa ciwon daban ne: in aka ja shi da ƙarfi har ya miƙe, misali wajen fizgo ƙugiyar da ta maƙale, ba ya komawa yadda yake, wajen ya sirance ke nan. In ya lanƙwashe ya karye-wuya kuma, farin tabo yakan fito a wurin, kuma a nan zai tsinke.

Wurin ajiya

Abin da ake nema wuri ne mai duhu, mai sanyi-sanyi, nesa da sinadarai. Gwangwani mai murfi, akwatin katako, ko bokitin fenti da aka wanke tas, a ajiye a ƙasan gado ko a lungun ɗakin da ba ya ɗaukar zafi, duk sun wadatar. Murfin yana da wani amfanin, domin ɓera yana gwaigwayar zaren da ke warin kifi ko koto. A sa wa bakin zaren ɗan salatif ko a zagaye kwarkwaron da robar ɗaure kuɗi kada ya warware, amma ita robar a riƙa canja ta, don in ta tsufa narkewa take yi ta manne. A rubuta wata da shekarar saye a jikin kwarkwaron, aikin minti ɗaya ne da ke raba mutum da kintace.

Sinadarai biyu ne suka fi haɗari ga nailan, kuma duka suna kusa da masunci: ruwan batir da ruwan bilicin na wanki. Ɗigon ruwan batir a cikin jirgi ya isa ya cinye zaren da ya taɓa, kuma ba lallai a ga alama a take ba. Man inji da fetur ba sa cin nailan da sauri haka, amma suna sa yashi ya manne a jikinsa, yashin kuma ya zama kamar zarto a duk inda zaren ya bi. In za a wanke zare, ruwa mai tsabta ya isa, in datti ya yi yawa a ɗan sa sabulu mara ƙarfi a ɗauraye.

Abin da ake naɗe zaren a jiki ma abin lura ne. Masu fatsar hannu sukan naɗe a guntun kara, ko katako mai kusurwa, ko gwangwani. Iya ƙanƙantar abin iya tsananin lanƙwasar da zaren zai riƙe, kusurwa mai kaifi kuma tana barin rauni a kowane zagaye. Abu mai zagaye da faɗinsa ya kai santimita 10 ko fiye, mai santsi, kamar guntun bututun roba na famfo ko kwalbar roba mai kauri, ya fi. Gwangwani mai tsatsa kuwa a guje shi, tsatsar tana kankare zaren. Kada kuma a naɗe nailan yana a miƙe da nauyi. Bayan an yi fama da babban kifi, zaren ya shiga kwarkwaro a ɗame, in ya bushe zai ƙara matsewa, ya danne na ƙasa, har yakan fasa kwarkwaron roba. A warware abin da aka yi faɗan da shi a sake naɗewa da matsi na daidai.

Mamari, wanda wasu ke kira mari-mari, ajiyarsa ta fi wuya saboda ɗaruruwan ƙugiyoyin da ke jikinsa. A ɗauraye laka, a bar shi ya tsane a inuwa, a nannaɗe uwar igiyar cikin kwando ko baho, ƙugiyoyin kuma a jera su a baki, a soke a jikin soso ko tsagaggen kara, kada su kwanta a kan igiyar. Inda tsatsar ƙugiya ta zauna a kan ƙulli, nan ne ɗan zaren ke fara mutuwa. Gajerun zarurrukan da ke riƙe da ƙugiya su ake canjawa a kai a kai, uwar igiyar kuwa takan yi tsawon rai in ba a bar ta a rana ba.

Inda zare ke fara mutuwa

Zare ba ya lalacewa baki ɗaya lokaci guda. Mita biyu zuwa biyar na kusa da ƙugiya su ke shan wahala. Su ke gogar dutse da saiwa da kachalla, su ke shiga bakin kifi. A manyan madatsun ruwa irin Kainji, wanda aka kammala a 1968, da Tiga a jihar Kano, ruwa ya haɗiye itatuwa da duwatsu, kuma a gindinsu ne manyan kifaye ke fakewa, don haka zaren da aka jefa a irin wuraren nan da wuya ya fito ba ƙwarzane. Kifayen ma kowanne da makaminsa. Tsage haƙoransa yanka suke yi kai tsaye, shi sai an sa guntun waya a gaba. Kurungu yana da ƙaya mai haƙora kamar zarto a fiffikensa na gefe. Giwan ruwa, wanda zai iya haura kilo 100, bakinsa kaushi ne da shi, murfin kunnensa kuma yana da kaifi. Ƙwarzanen da ya ci ɗan kaɗan daga kaurin zare yana rage ƙarfinsa fiye da yadda ido ke zato, domin duk nauyin ja a wannan rauni yake taruwa.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce: bayan kowane babban kifi, da bayan kowace maƙalewa, a bi zaren tsakanin babban yatsa da manuni daga ƙugiya zuwa sama. Yatsa ya fi ido gani a nan. In an ji kaushi, ko wuri ya baje, ko ya sirance, a yanke sama da wurin a sake ɗauri. Mita biyu na zare ba su kai darajar kifin da za a rasa ba.

In ana yawan samun kaushi a tsakiyar zare, inda bai taɓa ƙasa ba, to a tuhumi sandar fatsar. Zobban da zaren ke bi ta ciki sukan tsage ko su yi rami, musamman na can ƙarshe. A zura ɗan audugar goge kunne a juya a cikin kowane zobe, in auduga ta maƙale, zoben ya fashe, kuma duk sabon zaren da aka sa haka zai cinye shi. Haka za a duba ɗan gargaren da zaren ke bi a jikin injin naɗin zare da ke kan sandar, in ya daina juyawa goga yake yi.

Ƙulli ma wajen mutuwa ne. Ƙulli mai kyau yakan bar wa zare kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfinsa, amma ƙullin nan na kawai da ke faɗawa a tsakiyar zare da kansa yana iya cin kusan rabi. A jiƙa nailan da yawu ko ruwa kafin a matse ƙulli, a ja a hankali, don jan busasshen zare da sauri yana haifar da zafin da ke ƙona shi a wurin. Bakin zaren da ya tsinke ma yana ba da labari. In ya dawo a murɗe kamar wutsiyar alade, ƙulli ne ya zame, laifin ɗauri ne. In ya dawo a yanke sumul, haƙori ne ko kaifin wani abu. In kuwa ya dawo da kaushi da ɓurɓushi, goga ce ko tsufa.

Gwajin da kowa zai iya yi

A jikin kwali akan rubuta ƙarfin zare da kilo ko da laba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, wato zaren laba 20 kusan kilo 9 ke nan. Akan kuma rubuta kauri: nailan mai kaurin milimita 0.30 yakan ɗauki wajen kilo 5 zuwa 6, mai 0.50 kuwa wajen kilo 14 zuwa 16, gwargwadon ingancin kamfanin. Amma rubutun kwali ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, musamman a zare mai araha.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wannan ya sa gwaji ya zo da sauƙi. A yanki mita ɗaya na zaren, a jiƙa shi, a naɗe kai ɗaya sau biyar ko shida a jikin sanda mai santsi da aka gitta a sama, ɗaya kan kuma a ɗaure a marikin bokiti ko jarka da irin ƙullin da ake ɗaure ƙugiya da shi. Bokitin ya zama yana lilo kusa da ƙasa. A riƙa zuba ruwa lita-lita a hankali har zaren ya tsinke, a ƙirga, a haɗa da nauyin bokitin. A kawar da fuska, don nailan in ya tsinke yana dawowa da bulala. A yi gwajin sau uku tun zaren yana sabo, a rubuta abin da aka samu a jikin kwarkwaro. Daga baya duk lokacin da aka yi shakka a maimaita. In ƙarfin ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, a yanke mita 10 a sake gwada na ciki. In na cikin ma haka yake, duka zaren ya tashi aiki.

Game da lokaci kuwa, ga abin da aka saba bi. Nailan da ke kan injin naɗi ana aiki da shi kusan kullum a rana irin ta Sahel, canji duk wata biyu zuwa uku bai yi yawa ba. Mai zuwa ruwa jefi-jefi, sau ɗaya a shekara, kuma ya fi kyau a yi kafin lokacin da aka fi kama manyan kifi. Wanda ke rufe a duhu bai taɓa ruwa ba yakan yi shekara biyu zuwa uku lafiya, fulorokabon ya fi haka nesa. Ba dole ne a zubar da duk abin da ke kan injin ba: a cire mita 70 zuwa 100 na sama da ake jefawa, a ɗaura sabo a kan na ƙasa, a cika har ya rage milimita 2 zuwa 3 a kai bakin kwarkwaron. In ya yi ƙasa da haka jifa ba ta nisa, in ya wuce kuma zaren zai riƙa zubowa a cukurkuɗe.

Saƙaƙƙen zare yana iya shekaru ana aiki da shi, kuma koɗewar launinsa ba alamar mutuwa ba ce, rinin ne kawai ya wanke. Alamarsa ita ce gashi-gashi a jiki, wato sillan sun fara tsintsinkewa. A yanke wurin. In kan da ake jefawa ya tsufa, a juye zaren gaba ɗaya zuwa wani kwarkwaro, daga nan zuwa na biyu, sannan a mayar kan injin, sai tsohon kan ya koma ƙasa, wanda bai taɓa ganin ruwa ba ya dawo sama. Tun da santsi ne da shi, a fara shimfiɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasan kwarkwaro don kada ya riƙa zamewa. Kada kuma a taɓa naɗe shi a yatsa a ja, yana yanka fata har ya shiga nama, a naɗe a guntun itace.

Tsohon zaren da aka cire kada a jefa shi ruwa ko a bar shi a gaɓa. Ba ya ruɓewa, yana shaƙe tsuntsaye, yana shiga kofaton shanun da ke zuwa shan ruwa, in kuma ya naɗe a bayan farfelar injin jirgi yakan cinye robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga ciki. A naɗe shi a hannu ya zama kamar zobe, a datsa da almakashi wuri biyu ko uku ya koma guntaye da ba su wuce taƙi ɗaya ba, a ƙulle a leda a fita da shi daga bakin ruwa.